Kawu, ai shi ma James Cameron barin makaranta ya yi

Assalamu alaikum, Kawu. Ni ɗalibi ne a aji uku na jami'a, ina karanta aikin injiniya, ɓangaren injina. Shekarata 22. Tun ina yaro babu abin da nake so kamar fina-finan almarar kimiyya, irin na kumbo da mutum-mutumi da wasu duniyoyi. Na rubuta labarin fim mai shafi 130 a kan mutanen da suka yi ƙaura zuwa wata duniya bayan ruwa ya ƙare a tamu. Karatu ya fita daga raina, har na faɗi kwas biyu a zangon da ya wuce. Yanzu Baba ya sayar da masararsa ya turo mini kuɗin rajista, suna hannuna, kuma zuciyata na raya mini in sayi kwamfuta da kyamara da su in bar makarantar. Akwai wani furodusa da ya karanta labarin, ya ce zai saya naira dubu 150, ya kuma yi mini alkawari da baki cewa ni zan zama mataimakin darakta. Na karanta cewa James Cameron, wanda ya yi Avatar, barin karatu ya yi ya koma tuƙin babbar mota, kuma labarinsa na farko dala ɗaya ya sayar da shi. Ina jin tawa hanyar ke nan. Saura mako biyu a rufe rajista, kuma Baba bai san komai ba. Ina mafita?

Wani ɗanka daga Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kuɗin da ke hannunka ba naka ba ne, amana ce. Baba bai buɗe rumbu ya fitar da masararsa don kyamara ba. Da kyauta ya ba ka ya ce ka yi abin da ka ga dama, da wata maganar muke yi. Gobe da safe ka je ka yi rajista. Idan ka karkatar da kuɗin nan, ko da fim ɗin ya yi kyau, a gidanku sunansa ɗaya har abada: fim ɗin da ya cinye masarar Baba. Wannan ɓangaren na tambayarka ba ya buƙatar dogon tunani, don haka na gama da shi.

Ba zan ce maka fim shirme ne ba, na san akwai masu jiran su faɗa maka haka. Yaron da ya zauna ya cika shafi 130 ba da wasa yake ba. Sai dai tunda Cameron ka kawo mini a matsayin shaida, bari mu zaunar da shi mu ji bayaninsa gaba ɗaya, domin kai kan labarin ka ɗauko da wutsiyarsa, ka bar gangar jikin a hanya.

An haife shi a 1954 a wani ƙaramin gari mai suna Kapuskasing a lardin Ontariyo na Kanada. Mahaifinsa injiniyan lantarki ne, mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya ce kuma mai zane. Yana ɗan shekara 17 iyalin suka koma Kalifoniya a Amurka. Makarantar da ya bari, kwalejin Fullerton, ta shekara biyu ce ta unguwa, inda ya fara da kimiyyar fiziks, ya sauya zuwa adabin Ingilishi, ya fice a 1974. Babu wanda ya sayar da amfanin gona don ya shiga can. Bayan ya fita ya yi tuƙin babbar mota, ya yi sharar makaranta, duk gaskiya ne. Abin da masu taƙaita labarin suke tsallakewa shi ne inda yake zuwa idan ya ajiye motar. Laburaren Jami'ar Kudancin Kalifoniya yake tafiya, jami'ar da ba ɗalibinta ba ne shi, ya zauna yana karanta kundayen binciken da ɗaliban fim suka rubuta a kan yadda ake haɗa hoto biyu su zama ɗaya, da yadda ake haska hoto a bayan ɗan wasa, da yadda sinadaran wanke fim suke aiki. Wanda aka bari ya yi kwafinsa ya yi, wanda ba a bari ba ya kwafe da hannu. Karatun da ya ɗora wa kansa ya fi wanda ya gudu ya bari nauyi. To kai fa? A makon jiya, awa nawa ka yi kana koyon yadda ake saita haske, ko yadda ake ɗaukar murya ba tare da ƙarar janareta ta shiga ba? Ba ni za ka ba amsa ba, ka ba kanka.

A 1977 fim ɗin almarar kimiyya mai suna Star Wars ya fito. Shekararsa 22 a lokacin, daidai kai. Ya kalla, ransa ya ɓaci don ya ga wani ya riga shi yin abin da yake mafarki, ya ajiye tuƙi. Shekara ta gaba shi da abokansa suka yi wani gajeren fim na kusan minti 12 mai suna Xenogenesis, da dala 20,000 da wasu likitocin haƙori suka zuba. Da suka yi hayar kyamara ba su ma san yadda ake sarrafa ta ba, sai da ya kwance ta ya mayar kafin ya gane kanta. Likitocin suka kalli abin da aka yi, ba su ƙara ko kwabo ba, babban fim ɗin da aka yi niyya ya mutu a nan. Amma minti 12 ɗin nan ne ya riƙe a hannu ya shiga kamfanin Roger Corman neman aiki.

Corman shi ne sarkin fina-finan araha a Amurka ta wancan zamanin. Yana biyan kuɗi kaɗan, yana gama fim cikin 'yan makonni, kuma ta hannunsa manya irin su Francis Ford Coppola da Martin Scorsese suka bi suna matasa. Aikin da aka ba Cameron a can ba na darakta ba ne, ba na mataimakin darakta ba ne. Ƙera 'yan ƙananan kumbuna na roba aka sa shi, yana yanka yana mannawa yana shafa fenti, waɗanda idan aka ɗauke su da kyamara za su fito kamar manya. Daga nan ya zama mai kula da tsara wuraren ɗauka a fim ɗin Battle Beyond the Stars na 1980, ya yi aikin dabarun hoto a Escape from New York na John Carpenter a 1981, ya dawo wa Corman a Galaxy of Terror a wannan shekarar.

A wannan na ƙarshen ne wani abu ya faru da nake so ka riƙe, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin. Ana so a ɗauki hoton wani guntulallen hannu na roba da tsutsotsi suka lulluɓe. Aka zuba tsutsotsin, suka kwanta lamo, suka ƙi motsi. Sai ya jawo wayar lantarki ya ɓoye ta a ƙarƙashin hannun, ya sa wani a bayan fage ya riƙe makunni. Idan ya ce a fara, a kunna, tsutsotsi su hau mutsu-mutsu. Idan ya ce a tsaya, a kashe, su kwanta. Wasu masu shirya fim da suka leƙo wurin suka tarar da saurayi yana ba tsutsa umarni tana bi. Ta wannan hanyar aka san da shi har ya kai ga kujerar darakta. Ka lura da abin da ya buɗe masa ƙofar. Ba mafarkin wasu duniyoyi ba ne, kowa a wurin yana da irinsa. Sanin abin da wutar lantarki take yi ne, ilimin da kai ake koya maka a aji kake hamma.

Fim ɗin da aka ba shi, Piranha II, na wasu kifaye ne masu tashi sama suna cin mutane, kuma bai yi kyau ba ko kaɗan. A Jamaika aka ɗauke shi, furodusan ɗan Italiya ne, Ovidio Assonitis, wanda ya sallame shi bayan 'yan makonni ya ƙarasa aikin da kansa, amma aka bar sunan Cameron a jiki. Ya bi fim ɗin har birnin Rum, ba kuɗi, zazzaɓi ya kwantar da shi a masauki, a nan ya yi mafarkin wata gangar jikin ƙarfe tana jan ciki tana fitowa daga wuta. Asalin fim ɗinsa The Terminator ke nan.

Yanzu ka ajiye labarinka mai shafi 130 a gefe ɗaya, ka ajiye The Terminator a ɗaya gefen. Labarin yaƙin mutane da injina ne a wani zamani mai zuwa, amma Cameron bai kai mu can ba sai na 'yan mintoci. Ya jawo yaƙin ya kawo shi titunan Los Anjeles na lokacinsa, yawanci da dare. Mutum uku ne ƙashin bayan labarin: mace ɗaya, mai kare ta, da mai farautarta. Mai farautar mutum-mutumi ne, amma fatar mutum aka sa masa, don haka a mafi yawan fim ɗin ɗan wasa ne kawai, Arnold Schwarzenegger, yake tafiya da fuska a murtuke, ƙarfen sai can ƙarshe yake bayyana sosai. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙera kumbon roba ya san kuɗin kowane daƙiƙa na siddabarun hoto, sai ya ɗinka labarin daidai aljihun da zai iya samu. An kashe kusan dala miliyan 6.4, fim ɗin ya kawo kusan miliyan 78 a 1984. Shekararsa 30. Daga ranar da ya ajiye babbar mota zuwa nan shekara bakwai ce, kuma mafi yawansu yana yi wa wasu aiki ne, hannu dumu-dumu da gam da fenti.

Shi kuma labarin wata duniyar, irin naka? Yana da shi. Ya rubuta zubin farko na Avatar a 1994, ya duba ya ga kwamfutocin lokacin ba za su iya ba, ya kulle shi a durowa. A tsakani ya yi Titanic a 1997, wanda aka kashe wa dala miliyan 200, ya ci lambar Oscar 11, ya zama fim na farko da ya haura dala biliyan ɗaya. Duk da wannan ƙarfin, Avatar bai fito ba sai a 2009, shekara 15 bayan rubuta shi. Kai kana so ka fara daga inda shi ya kai yana ɗan shekara 55. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, ɗana.

Sai maganar dala ɗaya, wadda ita ta fi damuna a wasiƙarka, domin ka juya ta a baibai. Kamfanoni sun so labarin The Terminator, amma ba su so Cameron a matsayin darakta ba. Wa zai damƙa miliyoyi ga wanda aka kora daga fim ɗin kifaye? Sai ya sayar wa furodusa Gale Anne Hurd, wadda suka yi aiki tare a wurin Corman kuma ta san hannunsa, a kan dala ɗaya, bisa sharaɗin cewa ba za a yi fim ɗin ba sai shi ne darakta. Wato ya bar kuɗi ya karɓi kujera. Kai an ce ka karɓi kuɗi, kujerar kuma an ba ka ita da fatar baki, ita ma ba ta darakta ba. Kuma ko shi da ya ci ribar cinikin, ya ɗanɗana kuɗarsa daga baya. Haƙƙin labarin ya fita daga hannunsa, ya yi ta yawo daga wannan kamfani zuwa wancan, har aka yi ci gaban fim ɗin sau uku, a 2003 da 2009 da 2015, ba da shi ba. Shi da kansa ya nuna nadamar sakin haƙƙin a wannan farashin.

Ban san furodusan nan naka ba, ba kuma zan zarge shi ba, mai yiwuwa da zuciya ɗaya yake. Amma ka tambaye shi abu ɗaya: da wane kuɗi zai gina wata duniyar? Abu biyu nake hange. Ko labarin ya kwanta a durowarsa kai kuma ba ka da ikon taɓa shi, ko a fige shi, a cire kumbon, a cire ƙarewar ruwan, a bar saurayi da budurwa da waƙa uku. Shawarata kada ka sayar. Idan kuma kana ganin alaƙa da shi za ta amfane ka, to ka ba shi aron labarin na ƙayyadadden lokaci, a rubuce: idan bai fara ɗauka ba cikin wata 18, labari ya dawo hannunka, kuɗin da ya bayar kuma ya zama ladan jira. A rubuta cewa sunanka zai fito a matsayin marubuci, a rubuta aikin da za ka yi a wurin ɗauka da abin da za a biya ka. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, miƙa haƙƙin rubutu ga wani sai a rubuce yake tabbata, don haka shi ma takardar kariya ce gare shi. Ka nemi lauya ya duba, ko malami a tsangayar shari'a ta makarantarku. Tunda kuma kwafin labarin ya riga ya shiga hannun wani, ka yi masa rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, ka adana shaidar ranar da ka tura masa. Idan ka kawo maganar takarda ya ɓata rai, ka sami amsarka a arha.

Wani abin dariya a lamarinka shi ne, mutumin da kake fakewa da shi don ka gudu daga injiniyanci, rabin rayuwarsa injiniyanci yake yi. Don ya ɗauki The Abyss na 1989, wata tashar nukiliya da aka fara ginawa aka watsar a jihar Karolina ta Kudu ya samu, ya cika ramin da ruwa ya mayar da shi teku. Don Avatar, shi da masanin kyamara Vince Pace sai da suka ƙera tsarin kyamarar da suke buƙata. A ranar 26 ga Maris 2012 ya shiga wani jirgin nutso da aka ƙera da sa hannunsa, ya sauka shi kaɗai zuwa wuri mafi zurfi a tekun duniya, kusan mita 11,000. Da za a ba shi gurbinka a ajin nan, da gudu zai karɓa.

Kada kuma ka ɗauka hanyarsa duk abin koyi ce. An san shi da zafin rai a wurin aiki. 'Yan wasan The Abyss sun sha wahalar da wasunsu ba sa son a tuna musu da ita, kuma fim ɗin bai kawo kuɗin da aka sa rai ba. Aurensa biyar. Sannan ba shi kaɗai ne ya kalli Star Wars a 1977 ya ajiye aikinsa ba. Sauran ba wanda ya rubuta tarihinsu, shi ya sa ba ka karanta shi ba.

Waɗanda suka biyo bayansa ma ta ƙofar sana'ar hannu suka shiga. Gareth Edwards na Ingila ya yi shekaru yana haɗa dabarun hoto na kwamfuta wa shirye-shiryen talabijin, sannan a 2010 ya yi Monsters da ƙasa da dala 500,000, ya haɗa dodannin da kansa a kwamfutar ɗakinsa. Daga nan aka ba shi Godzilla, aka ba shi Rogue One. Neill Blomkamp, haifaffen Johannasbag, shi ma mai haɗa hoton kwamfuta ne, kuma gajeren fim na kusan minti shida ne ya girma ya zama District 9 a 2009 (wanda gwamnatinmu ta yi fushi da yadda ya nuna 'yan Najeriya, kuma ban ga laifinta ba). Kusa da kai ma, a Kaduna, akwai matasan nan da ake kira The Critics, waɗanda duniya ta san da su a 2019 saboda gajerun fina-finan almarar kimiyya da suke yi da wayar hannu da koren ƙyalle a jikin bango, wanda ake maye gurbinsa da wani hoto a kwamfuta, har daga baya darakta J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Ba su jira kyamarar kuɗin rajista ba.

Shekara biyu ta rage maka. Ka fara da kwas biyun nan, ka share su. Idan an yi hutu ka nemi masu ɗaukar bikin aure ko talla ko shiri mai dogon zango, ka ce za ka riƙe musu fitila, ka naɗe musu waya, ka zauna kusa da mai tace hoto ka yi shiru kana kallo. Manhajar Blender, ta haɗa hoton kwamfuta, kyauta ce, ka fara koyonta a kwamfutar sashenku ko ta aboki. Ɗakin ƙere-ƙere na makarantarku yana da injin yankan ƙarfe da na walda da babu ɗan fim ɗin da yake da su. Idan aikin kammala karatu ya zo, ka nemi a yarda ka ƙera abin da ke ɗaukar kyamara yana tafiya da ita ba girgiza, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Sannan ka buɗe labarin nan naka ka ciro minti biyar daga ciki. Ka ce ruwa ne ya ƙare a duniya. Ba sai ka tafi wata duniyar ba kafin ka nuna mana haka. Ka jira watan Maris, ka sami busasshen rafi a bayan gari, ƙasa ta tsattsage, iska na kaɗa ƙura. Mutum biyu, jarka ɗaya, da hannun ƙarfe guda da ka ƙera da kanka. Siddabarun hoto ɗaya tak, amma ya fito tsaf. Idan wanda bai san ka ba ya kalla har ƙarshe bai ɗaga kai ba, ka sami abin da za ka riƙe ka shiga da shi ko'ina, kuma a ranar furodusa ne zai nemi lambarka.

Saura Baba. Kada ka bari sakamakon kwas biyun ya riske shi ta bakin wani. Ka je gida da ƙafarka, ka same shi bayan sallar isha'i lokacin da ya natsu, ka fara da laifinka: na faɗi kwas biyu, hankalina ya rabu, na yi rajista, ga rasit, zan gyara. Maganar fim ka fara shigar da ita ta wajen Inna, ko wani baffanka da Baba yake jin maganarsa, domin ka san yadda dattawa da yawa suke kallon harkar, kuma suna da dalilansu. Kada ka ambaci James Cameron a gabansa, bai san shi ba, bai kuma ci bashinsa ba. Ka ce masa akwai sana'ar haɗa hoto da kake koyo a lokacin hutu, ba za ta taɓa karatunka ba, kuma idan ka yi na farko shi za ka fara nuna wa. Zai iya yin shiru, zai iya yin faɗa. Ka sunkuyar da kai ka saurara, kada ka yi musu a daren.

Ka turo mini hoton rasit ɗin rajistar kafin Juma'a. Fim ɗin minti biyar kuma ina jiransa bayan sallah, ka tabbata ana jin maganar 'yan wasan.

Kawunka